Kafin ku yi kukan Mayorka, kun taɓa hawa keke daga Karfi zuwa Rano?

1/ Jiya wani ya saka bidiyon Turawa suna gudu a kan keke a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, teku a hagu dutse a dama, ya rubuta "mu dai an cuce mu". Ƙasan bidiyon kowa sai tura hawaye yake. Ni kam ina da ja. Zaren yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri da data.

2/ Bari in fara tona wa kaina asiri. Ba son motsa jiki ne ya ɗora ni a keke ba. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, aljihu ne ya yi magana. Na jingine mashin, na zaro tsohon Phoenix ɗin mahaifinmu daga bayan ɗaki, na kai wa mai faci.

3/ Abin da na sha a majalisa sai Allah. "Alhaji an koma gidan jiya ke nan?" Wadda nake nema ma cewa ta yi in zan zo zance in taimaka in ajiye shi a bakin layi, kada ƙannenta su gani.

4/ Daga baya na samu mai giya, na hannu. Dangin mahaifiyata a Bunkure suke, sai na fara zuwa gaishe su a kansa ranar Asabar. A nan na gane muna da hanyar keken da ba mu san da ita ba.

5/ Ga yadda take. In ka fito daga Kano a titin Zariya, kafin Kura akwai Karfi, inda 'yan masara suke tare motoci. Nan za ka karya ka ɗauki titin Bunkure, shi ne yake wucewa har Rano. Kana barin hayaniyar tireloli duniya take canzawa.

6/ Wanda bai sani ba: filayen nan na Kura, Garun Malam da Bunkure ruwan dam ɗin Tiga suke sha. An gama dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Ruwan yana biyo babban kanal ta Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu ƙanana-ƙanana har bakin gonar mutum.

7/ Kuma ba inji ke tura shi ba, gangara ce kawai. Shi ya sa aka yanka kanal ɗin da ɗan tudu kaɗan-kaɗan, don kada ruwa ya yi gudu ya cinye gefe. Hanyar da ke bin gefen kanal ita ma haka take, kusan a shimfiɗe. Ɗan koyo zai yi tafiyar awa guda bai yi haki ba.

8/ Ku je tsakanin Disamba da Fabrairu, bayan sallar asuba. Hazo yana kwance a kan ruwa, alkama kore shar iya ganinka, can tumatir, can albasa, balbelu suna bin mai ban-ruwa. Gari ya bushe ƙurmus a ko'ina amma nan kamar damina ta manta da kayanta. Sanyi kuwa har cikin haƙori, ka sa safar hannu.

9/ Mai son wahala ya ci gaba. Ana wuce Bunkure ƙasa take fara tashi, duwatsun Rano su bayyana. Rano fa tana cikin Hausa Bakwai, ba ƙaramin gari ba ne. Daga nan a bi ta Rurum, dutse kan dutse, har ka hango ruwan Tiga. Ranar farko da na kai can cinyoyina kwana uku suna zagina.

10/ Ba zan yi muku ƙarya ba, Tiga ba Bahar Rum ba ce. Sa Calobra da kuke gani a bidiyon, hawa ne na kusan kilomita 10 a jikin dutse, kwana bayan kwana, daga bakin teku. Ba mu da irinsa. Hanyoyin kanal ma yawanci burji ne, siririyar tayar tsere ba za ta kai labari ba.

11/ Amma a ganina ba teku ne ya tara masu keke a Mayorka ba. Teku ai ko'ina akwai shi. Manyan ƙungiyoyin tsere suna zuwa atisaye can da hunturu saboda yanayi mai sauƙi, da ƙananan hanyoyi masu kwalta tsakanin gonakin zaitun da lemo, da kuma direbobin da suka san mai keke mutum ne.

12/ A Sifaniya doka ce: in za ka wuce mai keke sai ka ba shi tazarar aƙalla mita ɗaya da rabi. Mita ɗaya da rabi fa. Mu nan in direba ya bar maka kamu ɗaya sai ka ɗaga masa hannu ka gode.

13/ Abin da ya sa na rubuta zaren nan ma ke nan. Wata Asabar, lokacin kakar tumatir, ina bin bayan wani dattijo a kan kwalta kafin shiga Bunkure. Ya ɗaure kwando a kariya, yana tafiya a hankali a can gefe, inda kwaltar ta gutsure.

14/ Sai ga babbar mota ta taho ta bayanmu, wata kuma ta gaba. Ba birki, hon kawai. Ni na faɗa ciyawa na kuje gwiwa. Baba ya sauka daga kwalta, tayar gaba ta shige rami, kwandon ya kife. Motar ko waiwaye.

15/ Muka durƙusa muna tsince wanda bai fashe ba. Ina ta huci ina cewa da na riƙe lambar motar. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ka kai wa wa? Ai mu ba a lissafa mu a titi. Kai dai ba ka ji ciwo ba ko?" Na ce, "A'a Baba, sannu." Kusan rabin kwandon ya tafi.

16/ Ni wasa ya fito da ni, ga hular kwano ga gorar ruwa. Shi wata uku ya yi yana ban-ruwa da feshi kafin ya cika wannan kwandon. Kuma shi ne yake tambayata ko na ji ciwo. Har na isa gidan kawu ban iya magana ba.

17/ Mu 'yan birni in mun ce "masu keke" kanmu muke nufi, mu masu matsattsen wando. Alhali masu keken gaske suna nan tun kafin a haife mu: mai kai kaya Kwanar Gafan, ɗan makaranta, mai goyon buhun taki, malamin da yake zuwa ƙauye koyarwa. A Kano har masana'antar Raleigh an yi.

18/ A zamanin kakanninmu mai Raleigh shi ne ɗan gayu, a kansa ake zuwa neman aure. Yanzu keke ya zama shaidar karayar arziki. Ina ganin raini ne yake sa direba ya matse ka. Ba zai yi wa mai jif haka ba, ya san abin da zai biyo baya.

19/ Na san wani zai ce: ana fama da abin sawa a baki kai kana zancen keke. To ai zancen abincin nake. Tumatir ɗin miyarku da shinkafar Kura, wani ɓangare na tafiyarsu a kan kariya suke yi. Kwandon da ya kife a titi, a kasuwa kai za ka biya kuɗinsa.

20/ Wani kuma zai ce wasan Turawa ne. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France na 2024, ya tafi da koriyar riga. Ruwanda ta karɓi gasar duniya a Kigali a Satumban 2025, karon farko a Afirka. Burkina Faso, Sahel irin namu, tana Tour du Faso tun 1987.

21/ Mu kuwa 'yar wasanmu Ese Ukpeseraye sai da tawagar Jamus ta ara mata keke ta shiga wani tseren a Olamfik na Paris a 2024. Ina kallon yaran Bunkure suna hawa tudu da jarka huɗu a baya, keke ba giya, ina tunanin da a Asmara aka haife su.

22/ Ba na neman a yi mana titin keke mai fenti irin na Turai. Buƙatata ƙarama ce. Duk sanda za a taɓa titin Karfi zuwa Rano, a shafe gefensa da kwalta ko taku huɗu ne kowane ɓangare, a ja farin layi. Baba ya samu wurin bi, ni ma in raɓa a bayansa.

23/ Lokacin kamfe in ɗan takara ya zo yana rabon taliya, a tambaye shi wannan. Shugabannin tasha ma su ja wa direbobinsu kunne. Sakan goma na taka birki bai taɓa hana kowa isa kasuwa ba.

24/ Mu ma akwai namu laifin. Na ga samari sun zo ɗaukar bidiyo sun jere kekuna sun tare hanyar kanal, mai amalanke yana tsaye yana jira. Wani har cikin alkama ya shiga don hoto ya fito. Haba jama'a. Wurin aikin mutane ne. Yi sallama, kauce wa mai kaya, kada ka ɗauki fuskar kowa sai ka tambaya.

25/ Kanal ɗin yana ƙarƙashin Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, manoma kuma suna da ƙungiyoyinsu na masu amfani da ruwa. In za ku zo da yawa ku sanar, ku gaida mai unguwa. Kada wanda ya taɓa ƙofar ruwa, rabon wani ne kake wasa da shi.

26/ Kuma duk zafin da za ka ji kada ka shiga ruwan. Akwai tsargiya a irin wuraren nan, babban kanal kuma ya fi yadda kake ganinsa zurfi da ƙarfi. Ka zo da ruwanka. Da damina a bar hanyoyin burji, laka za ta cika maka birki.

27/ Asabar mai zuwa in Allah ya kai mu ina Karfi ƙarfe shida da rabi, wajen 'yan masara. Kowane irin keke ya zo, har Phoenix, ba tsere za mu yi ba. A zo da famfo da kayan faci saboda ƙaya. Za mu tsaya Bunkure shan shayi, mai sauran ƙarfi ya wuce Rano, ni dai sai na ga yadda gwiwa ta kwana.