Hamalar Ƙabisa da Faɗan Daba: Wa Zai Biya Kuɗin Sulhu?

  

Ya 'yan uwana matasa, yau ina so mu tattauna wata magana wadda ba kasafai ake jin ta a kan mumbari ba, wato maganar kuɗi. Wane ne ya kamata ya ɗauki nauyin hana faɗan daba tun kafin a zare wuƙa? Wa'azi a kan haramcin zubar da jini kullum muna jin sa, kuma babu musulmin da ke jayayya a kai. Shi kansa yaron da ke riƙe da gariyo, in ka same shi cikin hayyacinsa, zai gaya maka ya san kisan kai yana cikin manyan zunubai. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mutumin da zai rufe shagonsa ya kwana uku yana safa da marwa tsakanin unguwa biyu, ya biya kuɗin asibitin wanda aka sara, ya zauna da abokan yaron har zuciyarsu ta huce, sannan ya samo wa jagoransu wurin koyon walda. Irin wannan mutum yana nan a kusan kowace unguwa, amma da aljihunsa yake yi, kuma aljihu yana ƙarewa.

Cutar kuwa tsohuwa ce, sunanta kawai ke sauyawa. A Kano 'yan daba, a Gombe 'yan kalare, a Bauchi 'yan sara-suka. A Kano tushenta yana haɗe da ƙungiyoyin farauta da 'yan tauri, sai siyasa ta ɗauke su haya tun zamanin NEPU da NPC, kuma har yanzu ba ta sake su ba. A shekarar 2007 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a kan ta'addancin siyasa a Nijeriya, inda ta ware sashe guda a kan yadda 'yan siyasa suka yi amfani da 'yan kalare a Gombe. Sai ga mutuwar masana'antu da yawa a Sharaɗa da Bompai da Chalawa, waɗanda a da suke haɗiye dubban samari. Sai ga ƙwaya: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya suka yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma a wannan shekarar ce gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. A ƙarshe kuma ga ƙwacen waya, wanda ya mayar da faɗan unguwa ya zama sana'a.

To me hukuma take saya da kuɗinta? Motocin sintiri, da man da za a zuba musu, da holin waɗanda aka kama a gaban 'yan jarida, da abincin gidan gyaran hali. Duk waɗannan sai bayan an yi ɓarna suke da amfani. Yaro ɗan shekara 18 ya shiga Kurmawa ko Goron Dutse, ya tarar da cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ya zauna cikinsu wata da watanni, ya fito da sababbin abokai da sabuwar dabara. Kada mai karatu ya fahimce ni a karkace: wanda ya kashe rai dole a kama shi, kuma haƙƙin waliyyan jini yana nan daram, babu gwamnan da ke da ikon yafe musu shi. Amma mu malikawa ne, kuma cikin asalan mazhabarmu akwai saddu zari'a, wato toshe ƙofar da ke kaiwa ga ɓarna. Abin mamaki ne a ce muna kafa hujja da wannan asali a kan kiɗan biki da gidan kallo, amma idan aka zo rubuta kasafin kuɗi sai a manta da shi. Ga kuma abin da ake kira kuɗin tsaro, wanda gwamnoni da wasu shugabanni ke cira ba tare da bayar da bahasi ba, wanda ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa ya kai dala miliyan 670 a shekara. Ke nan batun babu kuɗi bai taso ba.

Yanzu mu koma ga sunna, domin a nan ne maganar ta fi ƙarfi. Imamu Muslim ya ruwaito cewa wani sahabi mai suna Ƙabisa ɗan Mukhariƙ Al-Hilali (RA) ya ɗauki hamala. Hamala ita ce mutum ya ga jama'a biyu suna gab da yaƙi saboda jini ko dukiya, sai ya shiga tsakani ya ɗora wa kansa biyan diyya ko ramuwar abin da aka ɓata, don kawai a mayar da takobi kube. Da nauyin ya yi wa Ƙabisa yawa ya je wurin Manzon Allah (SAW) neman taimako. Annabi bai sallame shi da addu'a kaɗai ba, umurtarsa ya yi da ya dakata har dukiyar zakka ta iso a biya masa daga ciki, sannan ya sanya mai hamala a farkon mutum uku da roƙo ya halatta a gare su. Daga nan ne malamai da dama, musamman Shafi'awa da Hanbalawa, suka ce wanda ya ci bashi don sasanta mutane yana cikin garimai, ɗaya daga kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, kuma ana ba shi ko da mawadaci ne. Hikimar a fili take. In aka bar mai sulhu ya talauce saboda sulhu, gobe babu wanda zai sake shiga tsakani.

Akwai kuma ƙissar Abdullahi ɗan Sahal (RA), wanda aka tsinci gawarsa a Khaibar ba a san wanda ya kashe shi ba. Danginsa suna tuhumar Yahudawan garin, ba su da shaida, kuma ba su yarda da rantsuwar waɗanda suke tuhuma ba. Irin wannan yanayi ne ke haifar da ɗaukar fansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) bai so jinin ya tafi a banza ba, sai ya biya diyyar raƙuma 100, a wata ruwayar an ce daga raƙuman zakka. Shugaba ya buɗe taskar jama'a ya sayi zaman lafiya. A cikin Muwaɗɗa kuma, littafin da muke karantawa a zaure, bayin Haɗib sun saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Sayyidina Umar (RA) ya lura cewa ubangidansu yana barin su da yunwa, sai ya ɗora masa tarar dirhami 800, ninkin kuɗin taguwar. Ya bi laifin har zuwa inda ya tsiro. Ina ma a ce a yau ana bin adda har zuwa hannun wanda ya saye ta a daren zaɓe.

Kusa da mu ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a cikin Usulus Siyasa ya lissafa cikin wajiban shugaba ya raya sana'o'i a ƙasarsa, ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da sauransu. Bai ɗauki sana'ar talaka a matsayin kyauta daga sarki ba.

Wani zai ce ai an gwada. Gaskiya ne. A 2003 aka kafa Hukumar Hisba da Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, a 2004 kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙaddamar da A Daidaita Sahu don gyaran ɗabi'u. Yau idan ka ce wa yaro ɗan shekara 15 a daidaita sahu, babur mai ƙafa uku zai tsayar maka. Abin da ya rage a bakin jama'a ke nan. A Gombe, bayan 2011, gwamnatin Ibrahim Hassan Ɗankwambo ta horar da tsofaffin 'yan kalare ta ba su aikin kula da zirga-zirga da tsaftar muhalli. A 2023 rundunar 'yan sandan Kano ta kira 'yan daba su ajiye makamai, da yawa suka amsa, har aka ɗauki wasu cikinsu aikin taimaka wa 'yan sanda, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce. Ba na raina ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aibinsu guda ne: rayuwarsu tana rataye da kujerar wanda ya kawo su. Ya tashi, su ma su tashi. Yaron da ya tuba a gaban kyamara ran Litinin, ran Juma'a yana zaune a majalisar da ya saba, da yunwar da ya saba, kuma abokan gabarsa ba su tuba ba.

A nan ya kamata mu leƙa Laberiya, ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa da tarin samari da suka saba da makami. A birnin Monrobiya masu bincike, ciki har da Christopher Blattman, sun gwada wani shiri a kan samari 999 waɗanda yawancinsu ke cikin sata da sayar da ƙwaya da faɗa. Wasu aka ba su dala 200 kawai. Wasu aka zaunar da su mako 8 ana koya musu danne fushi da tsara gobe da sauya kamanni, masu koyarwar kuwa da yawansu tsofaffin 'yan hannu ne da suka shiryu. Wasu kuma aka haɗa musu biyun. Waɗanda suka karɓi kuɗi zalla, kafin shekara ta zagayo sun koma gidan jiya. Waɗanda aka haɗa wa tarbiyya da jari, bayan shekara 10 an iske laifinsu ya ragu da kusan rabi. Wannan ya isa ya sa mu sake duba al'adarmu ta tara samari a filin wasa a raba musu keken ɗinki a ɗauki hoto a watse.

Abin da nake ganin ya dace shi ne majalisar jiha ta yi doka da za ta ware wani kaso tsayayye a cikin kasafin kowace shekara, wanda ba sabon gwamna ne zai ga dama ya bayar ko ya hana ba, a kashe shi a matakin mazaɓa. Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44. Ko da kowace mazaɓa za a ba ta naira miliyan 1 a wata, jimillar ba ta kai biliyan 6 a shekara ba, alhali kasafin jihar na 2025 ya haura biliyan 700. Bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Kuma ba kowace mazaɓa ke da wannan ciwo ba. A fara da inda jini ya fi zuba a cikin birni da kewaye. Mai unguwa da limami da malamar Islamiyya da shugabannin masu sana'a su riƙe kwamitin, a biya albashi ga mutum biyu ko uku da yaran ke jin maganarsu, a biya maigidan gareji ko kafinta da ya karɓi almajirin sana'a, a ajiye wani abu na hamala don maganin wanda aka raunata, tun da sau da yawa kuɗin asibitin da ba a biya ba ne ke zama dalilin ramuwa.

Na san za a ce wannan lada ce ga mai laifi, shi kuwa yaron kirki da ya gama sakandare yana zaune a gida ko sisi bai samu ba. Ƙorafi ne mai nauyi, shi ya sa ƙofar koyon sana'a ta zama a buɗe ga kowane matashin mazaɓar, kada adda ta zama takardar shiga. Za a kuma ce aikin Allah ba a yin sa don albashi. To ai masu tattara zakka ma suna da rabo a cikin ayar da na ambata, kuma da Sayyidina Abubakar (RA) ya nufi kasuwa bayan an yi masa mubaya'a, sahabbai yanka masa abin masarufi suka yi daga baitulmali don ya tsaya ga aikin jama'a. Wanda ya fi damuna shi ne ƙorafi na uku: cewa waɗanda ke saya wa yaran nan ƙwaya lokacin kamfe su ne za su mamaye asusun, ya zama albashin 'yan bangarsu da sunan tubabbu. Wannan haɗari ne na gaske, kuma babu dokar da za ta kawar da shi gaba ɗaya. Abin da zai rage shi shi ne a hana duk mai riƙe da muƙamin jam'iyya shiga kwamitin, a daina ƙara suna wata shida kafin zaɓe, a kuma karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a masallacin Juma'a duk wata uku, a liƙa takardar a bango.

A nan ne ku, masu waya da intanet, kuke da aiki. Kasafin kuɗin jihohi yanzu ana ɗora shi a shafukan gwamnati, kuma majalisa takan saurari ra'ayin jama'a kafin ta amince da shi. Ku sauke shi, ku nemi layin ma'aikatar matasa, ku gwada shi da layin sayen motoci, ku wallafa abin da kuka gani ba tare da zagi ba. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da shi ya gamu da jan ƙafa. Don haka kansilan mazaɓarku da shugaban ƙaramar hukuma su ma suna da amsar da za su bayar. Ku je mutum biyar ko goma, da limaminku a gaba, ku tambaye su nawa aka kashe bara wajen hana faɗan daba a unguwar, kuma wa ya karɓa.

Allah Ya shirya mana zuri'a.