Daga Birnin Manzo: Malam a Kan Lilo

Akwai tafiye-tafiyen da Bahaushe ya yarda magidanci ya yi shi kaɗai. Ya tafi fatauci, ya tafi cirani, ya tafi neman ilimi, duk ba mai cewa uffan, addu'a ma ake bin sa da ita. Amma a ce mai iyali ya bar matarsa da 'ya'yansa a gida ya tafi wurin wasa don ya hau lilo, to a nan ne za a fara tambayar ko lafiya. A wurinmu wasa na yara ne, babba rakiya yake yi. Ko a Kano, ranar yawon Sallah in ka ga mai gemu a gidan zoo na Audu Bako, duba da kyau, akwai yaro riƙe a hannunsa.

To ni dai na yi irin wannan tafiyar a watan jiya, kuma ita ce zancenmu na wannan makon. Kwana biyu na yi a Jidda ni kaɗai, babban abin da ya kai ni shi ne malahi, kamar yadda Larabawa da Hausawan nan suke kiran wuraren wasa masu liluna da injina.

Sai na fara da bayanin yadda rayuwar ɗalibi take a Madina, don wanda ke London ko Alƙahira ya gane inda na dosa. Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961, tana tara ɗalibai daga ƙasashe sama da ɗari, kuma 'yan Najeriya da Nijar ba su da kaɗan a cikinsu. Wanda ya kai matakin digiri na biyu kamar ni, kundin bincikensa ne abincinsa da abin shansa: laburare da safe, malamin da ke duba aikin da rana, gyara da dare. A kan wannan akwai wani aikin da ba a rubuta shi a takardar karɓar ɗalibi ba. Duk wanda ya zo Umara ko Hajji daga unguwarku, ko unguwar matarka, ko garin abokin yayanka, an ba shi lambarka. Za ka kai shi Ƙuba, ka kai shi Ƙiblataini, ka hau da shi Dutsen Maharba a Uhudu, ka raka shi kasuwar dabino ka taya shi cinikin ajwa, ka yi masa tafinta a asibiti in ƙafa ta kumbura. Aikin lada ne, muna yin sa da daɗin rai. Sai dai in ka haɗa shi da karatu da cefane da kai yara rigakafi, za ka tarar shekara uku ta wuce ba ka yi wuni ɗaya da ba wanda ke jiran ka ba.

Uwargida ce ta fara lura. Ta ce ta ga ina karanta shafi ɗaya sau uku ban juya ba. Da na miƙa babi na uku na kundina, sai na kawo mata maganar a hankali, ina tsammanin gardama. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Malam, ka je. Amma ka sani bashi ka ci."

Daga Madina zuwa Jidda yanzu ba tafiya ba ce. Jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana haɗa Madina da Makka ta Jidda a kan dogo mai tsawon kusan kilomita 450, kuma yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa. Abin da mota ke yi a awa huɗu ko fiye, shi yana yin sa cikin kamar awa biyu. Na sauka tashar Sulaimaniyya, na ajiye jaka a wani ƙaramin masauki, bayan La'asar na nufi bakin teku inda wurin wasa na Al Shallal yake. Irin waɗannan wurare a nan da yamma suke buɗewa su kai tsakar dare, saboda rana ba ta barin kowa ya sake.

Waɗanda suka daɗe a ƙasar nan za su tuna lokacin da wannan tafiyar ba za ta yiwu da sauƙi ba. A da, wuraren shaƙatawa da yawa na iyalai ne kawai, namiji shi kaɗai a ƙofa ake tsayar da shi, gidajen abinci kuma ƙofa biyu gare su, ta iyalai da ta gwauraye. A 2016 aka kafa hukumar kula da nishaɗi, a 2018 aka sake buɗe gidajen sinima bayan sun shafe fiye da shekara 30 a rufe, a 2019 aka fara bikin shekara-shekara na Riyad, a ƙarshen wannan shekarar kuma aka ɗage wa gidajen abinci dokar ƙofa biyu. Duk da haka, wanda zai je shi kaɗai ya bincika tukuna, don wasu wuraren har yanzu suna ware ranaku ko lokuta na iyalai.

Na sha kai iyali malahi, na san yadda abin yake. Kai ne mai tura keken jariri, kai ne mai riƙe takalma da gorar ruwa, kai ne mai neman banɗaki da gudu. Manyan injinan duk suna da ma'aunin tsawo a ƙofa, 'yata mai shekara huɗu ba ta kai ba, ƙaninta kuwa ko tafiya bai gama ƙwarewa ba. Saboda haka daga dokin roba mai zagaye sai ƙaramin jirgi mai tafiyar hawainiya, kai kana waje kana ɗaga hannu kana ɗaukar hoto. A wannan daren kuwa hannuna ba komai. Na shiga layin abin da Larabawa ke kira jirgin mutuwa, wanda ke hawa dogo har sama ya sako ka da gudu ya juya ka kai ƙasa. Kusa da ni wani matashi ɗan Jidda ne, ya kalli gemuna da jallabiyata ya ce, "Ya Shaikh, ka tabbata?" Na ce masa na tabbata. Da abin ya sako mu, ban san lokacin da na fara salati da ƙarfi ba, shi ma ya kama. Muka sauko muna dariya kamar mun shekara da sanin juna.

Minti biyu ne ko ƙasa da haka, amma a cikinsu ban tuna da babi na huɗu ba, ban tuna da kuɗin haya ba. Na koma layi na sake hawa. Daga baya na zauna bakin teku ina kallon ruwan Sarki Fahad da ke tsiri sama fiye da mita 250, na ci tsire, wanda mutanen Hijaz suka gada daga Hausawa suke kiran sa siriya. Washegari na yi barci har hantsi bayan Asuba, na zaga tsohon garin Jidda, na kamo jirgin yamma.

Da na tura wa Hajiyarmu hoton, tambayarta ta farko ita ce, "Lafiya kuke da yarinyar nan?" Ban ga laifinta ba. A inda ta taso, namiji ba ya barin gida don hutu sai in gidan ya yi masa zafi. Sai da ta ji muryar surukarta tana dariya sannan hankalinta ya kwanta. Wani abokin karatuna kuma cewa ya yi girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. A ganinsa wanda mutane ke kira Malam, suke aiko masa da tambayar fatawa, bai kamata a gan shi yana ihu a sama ba.

Na ɗauki maganarsa da muhimmanci, don mutunci abu ne mai tsada. Amsata ita ce, a cikin wannan birnin da muke zaune, a cikin masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Habashawa suka yi wasan masu ranar Idi, Nana A'isha tana kallo yana tsaye tare da ita. Wasa mai tsafta bai taɓa zama abin kunya ba a garin nan. Sai dai wannan labarin yana da wani darasi da ya fi shafa ta: tare da iyali aka yi kallon. Ke nan asali shi ne a fita tare. Fita kai kaɗai magani ne da ake sha lokaci-lokaci, ba a mai da shi tuwo.

Shi ya sa nake ganin tafiyar tana da sharuɗɗa. Na farko, kuɗin kada su fito daga cefane ko daga abin da aka saba turawa gida. Ɗan alawus ɗin ɗalibi ba ya ɗaukar wannan, ni daga aikin fassara na tara nawa a cikin wata huɗu. Na biyu, a yi ta da sani da yardar wadda za a bari da yara, don ita ce za ta biya farashin hutunka da barcinta. Na uku, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne adalci. Matan ɗalibai a nan su ne suka fi kowa gajiya. An ɗauko yarinya daga gida mai cike da iyaye da ƙanne da maƙwabta, an ajiye ta a ɗaki biyu a hawa na uku, ba Larabci sosai, ba mai karɓar mata jariri ta yi wanka. Magidancin da ya ga ya cancanci kwana biyu, bai ga matarsa ta cancanci ko wuni ɗaya ba, son kai ya yi, ko da ya kira shi hutu.

Bashin da ta ce na ci, na biya shi ranar Asabar da ta wuce. Ita ba lilo take so ba. Ta haɗu da ƙawayenta matan ɗalibai suka kama gidan hutu, irin wanda ake kira istiraha, mai wurin iyo da katanga, suka wuni suna dafa dambu suna hira da Hausa, ba yaro ko ɗaya. Ni kuma na wuni da biyu. Zuwa Azahar na gane cewa jirgin mutuwa wasa ne. Da yamma na kwashe su zuwa lambun Sarki Fahad, suka yi ta gudu a kan ciyawa har barci ya sace ƙaramin a kafaɗata.

Mun yi yarjejeniya: sau ɗaya a shekara kowa yana da nasa, sauran fita kuma tare. 'Yata ta sa na yi mata alama a jikin ƙofa daidai tsawon da ake buƙata, kullum da safe sai ta je ta auna kanta.

Masu karatu da ke wasu ƙasashe, musamman iyaye mata, ina son jin yadda kuke raba hutu a gidajenku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.