Bakasi: An Raba Ƙasa, Saura Haƙƙin Masunta

Galibin mutanenmu sun san sunan Bakasi ne a bakin masu karanta labarai, haɗe da zancen man fetur da sojoji, alhali kuwa in aka koma ga haƙiƙa wurin ƙasar masunta ce, wani zirin laka da ƙoramu da ya kutsa cikin teku tsakanin bakin Kogin Kuros da na Riyo del Re, inda itatuwa ke tsaye bisa saiwoyinsu cikin ruwan gishiri, inda kuma ba a ziyartar maƙwabci sai da kwalekwale. Mutanen Efik da Ibibiyo da Oron ne suka raya ƙauyuka irin su Abana da Atabong, suna kamun kifi da jatan lande, suna ƙyafewa, suna kaiwa Kalaba, kuma sarkin Kalaba, wanda suke kira Obong, shi suka sani uban ƙasa tun kaka da kakanni.

A shekarar 1884 sarakunan Kalaba suka ƙulla alkawari da Ingila bisa sharaɗin ta ba su kariya. Amma a 1913, da Ingila da Jamus suka zauna shata iyaka, sai suka bi Kogin Akwayafe, Bakasi ta faɗa hannun Jamus, mai mulkin Kamaru a lokacin, ba tare da an shawarci ko mutum guda daga cikin mazaunanta ba. Duk almajirin da ya karanta babin ajiya a littattafan fiƙihu ya san cewa wanda aka ba amana ba shi da ikon yin kyauta da ita; irin wannan hujjar Najeriya ta gabatar a shari'arta da Kamaru kan Bakasi, sai dai Kotun Duniya, a hukuncinta na 10 ga Oktoba 2002, ta rinjayar da takardar 1913 da kuma yarjejeniyar Marwa wadda shugabannin ƙasashen biyu, Gowon da Ahijo, suka sa wa hannu a 1975, ta ba Kamaru Bakasi.

Ba na cikin masu cewa a warware hukuncin. Obasanjo da ya amince da yarjejeniyar miƙa wa Kamaru Bakasi a 2006, da marigayi 'Yar'aduwa da ya cika alkawarin miƙawa a watan Agustan 2008, sun tsare jinin bayin Allah masu yawa, kuma cika alkawari ba abin kunya ba ne. Abin da ke ci mini rai shi ne halin da aka bar mutanen a ciki. Waɗanda suka zauna sun wayi gari baƙi a mahaifarsu, har sunayen garuruwansu sun sauya, Abana ta koma Jabane, Atabong ta koma Idabato. Waɗanda suka yi hijira kuwa aka tsugunar da su a wajen Ikang da Akpabuyo, aka miƙa wa mutumin da bai san komai ba sai taru da filafili ɗaki a kan tudu, aka ce an sallame shi.

Kada mu ɗauka lamarin ya yi mana nisa, domin hukuncin nan ne ya mayar da Darak da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Tafkin Chadi ga Kamaru a ƙarshen 2003, kuma akwai Hausawa da Barebari cikin masuntan can. Wajibi ne gwamnatin tarayya ta ba mutanen Bakasi matsuguni a bakin teku, da jirage, da makarantu, ta kuma riƙa tuna wa Kamaru sharaɗin da ta ɗauka a 2006, cewa ba za ta kori kowa ba, ba kuwa za ta hana kowa su a ruwan kakanninsa ba.