Zaman Jama'a: Mene ne aikin shugaban kwamitin ƴan sikut?

Ƴan sikut su ne yaran nan masu ɗaura ƙyalle a wuya. Wani sojan Ingila mai suna Badan Pawel shi ya kafa ƙungiyarsu. A shekara ta 1907 ya kai yara 20 wani tsibiri, suka yi zango, ya koya musu zaman daji da taimakon juna. A Nijar aikin ya soma cikin 1947. Cikin 1996 ƙungiyar Nijar ta shiga babbar ƙungiyar sikut ta duniya.

Yara kaɗai ba su iya riƙe ƙungiya. Sai da manya a bayansu. Akwai jagora, wanda ke tare da yara kullum. Shi ke koya musu ɗaurin igiya, da kafa tanti, da agajin wanda ya ji ciwo. Akwai kuma kwamitin iyaye. A Amurka dokar ƙungiyar ta ce kwamiti kada ya gaza mutum 3, kowanensu ya kai shekara 21. Shugaban kwamitin nan ba shi da albashi. Aikin sa kai ne.

Aikinsa na farko shi ne kiran taro. Shi ke sa rana, ya ba kowa dama ya faɗi ra'ayinsa. In an yanke magana, magatakarda ya rubuta. Sannan shugaba ya raba aiki: wane ya nemo amalanke, wance ta kula da abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugaban da ya tattara kome a kansa zai gaji, in ya gaji kuwa ƙungiya ta kwanta.

Na biyu, kuɗi. Nan ne ƙungiyoyi da yawa ke watsewa. Shugaba ba ya ajiye kuɗin ƙungiya a aljihunsa. Ma'aji ke riƙe su. Ko dala ɗaya ta shiga ko ta fita, a rubuta cikin littafi. Ranar taro a karanta lissafi gaban kowa. Uban da ya sayar da tiyar hatsi don ya biya wa ɗansa yana da hakkin ya san inda kuɗinsa suka tafi.

Na uku, tsaron yara. Wannan ya fi sauran nauyi. Kafin kwamiti ya yarda da jagora, sai shugaba ya bincika halinsa wurin waɗanda suka san shi. Ba a tafiya zango sai iyaye sun ba da izini. Ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara. Sai su zama biyu ko fiye. Shugaba ya tambaya: akwai ruwan sha mai tsabta? Akwai akwatin magani? Gidan likita mafi kusa yana ina?

Na huɗu, sulhu tsakanin ƙungiya da gida. Da damina yaro yana gona ko yana bayan dabbobi. In aka kira zango lokacin noma, iyaye za su janye ɗiyansu, kuma da gaskiyarsu. Shugaba mai hankali yana shawara da maigari da malamin lakwal, a sa zango bayan kaka, sa'ad da hatsi ya shiga rumbu, a kuma dace da hutun karatu.

Akwai abin da ba nasa ba ne. Shugaba ba ya shiga fili ya ƙwace wa jagora aiki. In ya ga kuskure, ya ja shi gefe su yi magana, ba gaban yara ba.

Saboda haka, garin da zai zaɓi shugaban kwamiti kada ya duba dukiya ko dangantaka. A duba mai haƙuri, mai riƙon amana, wanda ke zuwa taro kan lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da suka ga ana lissafin gaskiya yau, su ne za su riƙe asusun gari gobe.