Ɗakin Jariri: A Duba Fenti Kafin A Shafa

Wata sabuwar al'ada ta shigo gidajen ma'aikata a Ikko da Kaduna da Kano, watau a ware wa jariri ɗaki, a shafe shi da fenti mai walƙiya, a cika gadonsa da matasan kai da 'yan tsana. Ba laifi mutum ya ƙawata ɗakin ɗansa, amma wani adon ya fi kama da tarko.

Fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Idan ya tsufa ya soma ɓarewa, yaro mai rarrafe zai tsinta ya kai baki, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwa take taɓawa, kuma ɓarnar ba ta gyaruwa. Tun 1978 Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje. Wanda ya ɗauki abin wasa, ya tuna da Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400. Saboda haka maigida ya sayi fentin ruwa, ya karanta gwangwanin da kansa, kada ya bar wa mai fenti zaɓi.

Matasan kai ma likitoci sun ce a kwashe, domin suna iya toshe wa jariri numfashi. A kwantar da shi rigingine bisa katifa mai tauri, a ɗakin uwarsa. Gidan sauro kuwa, sai ka ga an rataye labule mai tsada, shi an manta da shi har damina ta faɗi.