Giɓin Iska da Rufin Waya Su Ne Ginshiƙin Taransifomar Filaibak

Na'urar farfaɗo da bugun zuciya da ake ajiyewa a ɗakin gaggawa na asibiti tana aiki ne da batir mai ƙaramin ƙarfi, amma cikin 'yan daƙiƙoƙi sai ta cika kafasita, wato ma'ajiyar caji, har kusan bolt 2,000. Abin da ke yin wannan aiki shi ne taransifomar filaibak. Sunan ya samo asali ne daga tsohon akwatin talabijin mai ƙeya, inda tsinken hasken da ke zana hoto yakan koma farkon layi da sauri, a wannan komawar kuma ake samar da wutar da kan kai bolt 25,000 a talabijin mai launi.

Ɗalibai da masu gyara da dama sun ɗauka cewa sirrin wannan na'ura yana cikin yawan naɗin waya. Wannan fahimta tana da rauni, kuma kalmar taransifoma ce ta jawo ta. Taransifomar da aka saba gani a unguwa tana karɓar wuta tana miƙa ta a lokaci guda. Ta filaibak kuwa tara ƙarfi take yi a maganaɗisu yayin da makunni yake kunne, ta juye shi cikin kafasita ta hanyar dayod idan an kashe. Mafi yawan ƙarfin a ɗan giɓin iskar da aka bari a zuciyar ferayit yake taruwa. Idan babu giɓin, zuciyar takan ƙoshi da wuri, wuta ta hauhawa, makunnin ya ƙone.

Lissafi yana tabbatar da haka. Kafasita mai maikurofarad 100 a kan bolt 2,000 tana riƙe da jul 200. Naɗin farko mai maikurohenri 10 da ya kai amfiya 10 yana tara rabin milijul a kowane zagaye. Ke nan ana buƙatar zagaye 400,000, wato daƙiƙa 8 idan makunnin yana zagaye 50,000 a daƙiƙa, ban da asarar da zafi ke ci. Da yayyafi kogi kan cika. Saurin cikar ya dogara ne ga abin da ake ɗiba a kowane zagaye da yawan zagayen.

Amfanin yawan naɗi shi ne kare makunni. Idan naɗi na biyu ya ninka na farko sau 20, bolt 100 ne kawai daga cikin 2,000 za su dawo kansa, a haɗa da na batir da tsirin da yoyon maganaɗisu ke haifarwa. Sai dai ƙara naɗin yana da farashi, domin ɓoyayyen cajin da ke maƙalewa tsakanin wayoyin naɗi na biyu yakan bayyana a ɓangaren farko ninki 400. Bugu da ƙari, kafasitar da ba ta da caji tana ɗaukar lokaci kafin ta shanye abin da aka juye mata, shi ya sa ƙananan kwakwalen lantarki irin su LT3750 na kamfanin Linear Technology suke jiran wutar naɗi na biyu ta ƙare kafin su sake kunnawa.

Masu neman araha sukan ce rufi mai kauri tsakanin hawa-hawan waya da tazara mai faɗi tsakanin ƙafafu suna ƙara girma da tsada, kuma suna ƙara yoyon maganaɗisu. Gaskiya ne. Amma yoyon ana iya shanye shi da 'yar da'irar kariya a jikin makunni, rufin da ya huje kuwa ba ya gyaruwa, kuma ƙura da danshi suna gaggauta hujewarsa. Na'urar da ta yi tartsatsi a lokacin da majinyaci yake kwance ba ta da uzuri.

Haka nan kafasita takan ci gaba da riƙe caji bayan an cire batir, har ma takan farfaɗo da wani ɓangare nasa bayan an sauke ta. Jul 200 sun isa su kashe mai gyaran da ya kai hannu. Saboda haka ya kamata resistar da ke tsiyayar da caji da ma'aunin da ke tsayar da cikawa su shiga zanen tun ranar farko. Malamin da ke duba aikin ɗalibi ya dace ya fara da tambayar faɗin giɓi, da ƙarfin rufi, da hanyar sauke caji, kafin ya tambayi adadin naɗi.