Murjani Ba Ado Ba Ne Kawai

'Yan'uwana ɗalibai, muna hawa kwalekwale a Tafkin Jabi na Abuja, amma babu murjani a ƙarƙashinsa. Murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa asalinsa halittar teku ce. A Sanganeb da ke Bahar Maliya, kusa da Port Sudan, kafin yaƙin 2023 jirgin ruwa kan yini da baƙi. Ɗan jagora na gaba, suna iyo fuska a ruwa, suna numfashi ta bututu, suna kallon dangin murjanin da ransu.

Shin mene ne sunan wannan iyo da Hausa? A ganina, kada mu yi gaggawar ƙirƙira daga aji. Akwai Hausawa a Port Sudan, ga Sarkawa a Yawuri. Mu fara tambayar masu ruwa, tun kafin kalmar aro ta mamaye gurbin.